Shin fanel ɗin CTCSS zai hana rifitarmu buɗe kanta?

Mai_Eriya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rediyon sha'awa. Ina neman shawarar manya. Rifitarmu ta zangon mita 2, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta nesa, tsohuwar GE MASTR II ce da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga Amurka. Tana sauraro a 145.100 MHz, tana watsawa a 145.700 MHz, kuma tun da aka kafa ta ba ta neman wani amo, duk siginar da ta shigo buɗewa take. Yanzu ta koma buɗe kanta, musamman bayan magariba. Ba wanda ya danna, sai ka ji shuuu, wani lokaci har da gutsuren kiɗa a can ƙasa-ƙasa, ta riƙe sai agogon minti 3 ya yanke ta. Da sola take aiki, kafin asuba batir ya yi ƙasa. Mun samu fanel ɗin CTCSS na kamfanin Communications Specialists, TS-64DS, wanda ba ya barin rifita ta buɗe sai sigina ta zo ɗauke da wani amo na ƙasa-ƙasa da aka zaɓa, kuma ni a ganina da zarar an saka shi magana ta ƙare. A ina zan ɗauko sautin da zan ba shi? A ina zan zuba amon a tiransimita? Wane amo ya fi dacewa? Wasunmu sun ce 100.0 Hz don sauƙin tunawa.

Injiniya_Tudu:
Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da wayoyi. Kada ka ɗauki sauti daga wayar lasifika. Kafin ya iso can an riga an tace shi, kusan duk abin da ke ƙasa da 300 Hz an zubar, alhali amon da kake nema yana tsakanin 67.0 ne da 254.1. Ɗanyen sauti ake so, wanda makullin hayaniya bai taɓa ba, bolum ma bai taɓa ba. A takardar zanen MASTR II sunan wurin VOL/SQ HI. Alamar ka dace da shi ita ce babu sigina amma sikof, na'urar da ke zana sigina a allo, ya cika da hayaniya, kuma ko ka murɗa bolum ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Wajen watsawa kuma kada amon ya bi ta layin makirfo. Layin yana danne ƙananan sautuka, ga limita mai kayyade ƙarfin murya a gaba, duk sanda mai magana ya ɗaga murya sai ta matse amon tare da muryar, rediyon mai sauraro ya riƙa rufewa a tsakiyar magana. Bayan limita ake shigar da shi, kuma an tanadi ƙafa don haka, CG HI, da ɗan bolum ɗinta na saiti. Waya mai sulke za ka sa, gajera, ka ɗora kafasita 1 nF a layin wuta dab da fanel ɗin, don wurin cike yake da ƙarfin tiransimita.

DanDamagaram:
Sannunku da aiki. Ni maganar 100.0 ce ta taso da ni. Malam Mai_Eriya, don Allah ku bar wannan amon. Kuran namu, wato wutar lantarki, Nijar da Najeriya duka, 50 Hz ne, in ya bi ta diyod huɗu na caja sai gurnaninsa ya ninka ya zama 100 cif. Duk wanda kafasitar fawarsa ta bushe da wannan gurnani yake hawa iska bai sani ba, fanel ɗinku kuwa zai ɗauka amon gaske ne. Mutanen Amurka da kuke gani suna yawan amfani da 100.0, kuransu 60 Hz ne, su abin gudunsu waɗanda ke kusa da 120 da 180 ne. Mu namu 100.0 da 151.4 da 250.3.

Zango_Kumasi:
Gaskiyar ɗan'uwa na Damagaram. Nan Gana ma 50 ce. Ku ƙara da 97.4 da 103.5 a cikin abin gudu saboda janareta. Ƙaramin janareta ba ya tsayawa a 50, in ya haura zuwa 51.75 ninkinsa 103.5 ke nan, in kaya sun yi masa nauyi ya sauka 48.7 ka ga 97.4.

Baba_Mos:
Yarana, ina karanta ku ina jin daɗi, amma akwai abin da ba wanda ya ambata. Rediyona IC-2E ce, wadda ake murɗa lambobinta da babban yatsa a samanta. Amon 1750 Hz da ake busawa a buɗe rifita kaɗai ta sani, ba ta san CTCSS ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne, mu da muka daɗe a wannan harka yawancinmu irin waɗannan tsofaffin muke riƙe da su, suna aiki lafiya lau. Ranar da kuka kunna fanel ɗin nan, ranar kuka rufe mana ƙofa. Za mu ji ku kuna hira, mu yi sallama ba mai amsawa. Rifita ta kowa ce, har matafiyin da ya ratso gari da dare mota ta lalace masa, bai san lambar amonku ba. Ku yi wannan tunanin kafin ku ɗauki dalma.

Mai_Eriya:
Allah ya ƙara girma Baba. Ba nufinmu mu ware kowa ba, amma in batir ya mutu ai ba ku ba mu. Injiniya, na gode, na ga ƙafafun da ka ce a takarda. 100.0 kuma mun bar ta.

Yar_Lantarki:
Malam Mai_Eriya, ni cewar da ka yi magana za ta ƙare ce ban yarda da ita ba, kuma dalilina yana cikin bayaninka. Ka ce kana jin kiɗa. Kiɗa a 145.100 daga ina? Gidajen rediyon FM suna tsakanin 87.5 ne da 108, ba abin da zai kawo su nan sai in siginoni suna cakuɗewa a wani wuri kusa da ku.

Ka duba jerin tashoshin garinku. In akwai biyu da tazarar da ke tsakaninsu 600 kHz ce, to ga lissafin: 145.700 ɗinku, a ƙara ta ƙasa, a debe ta sama, sai ka sauka a 145.100 daidai, wato bakin risibarku. Abin da ke haɗa su ba sai na'ura ba, ƙusa mai tsatsa a jikin turke ta isa, ko mahaɗin wayar da ke ɗaure da shi, ko kwanon rufi da ya saki. Tsatsa tsakanin ƙarafa biyu aikin diyod take yi.

Saboda haka ina ganin matsala biyu gare ku. Akwai abin da ke fara buɗe ta, wataƙila hayaniyar inbata ko fitilun LED da ake kunnawa da magariba. Akwai kuma abin da ke riƙe ta bayan ta buɗe, shi ne wannan cakuɗewar, tunda ba ta faruwa sai tiransimitarku tana kunne. Fanel zai yi maganin na farko. Na biyun yana nan. Amo kwaɗo ne a ƙofa, ba ya korar mai ihu a zaure. Wanda ke kira daga nesa da ƙaramar oba-oba har yanzu da wannan hayaniyar zai yi kokawa, kuma a FM mai ƙarfi ne ke danne mai rauni.

Sabon_Shiga:
Ku yi haƙuri da tambayar ɗalibi. In an saka amon nan, wanda bai san lambar ba ba zai ji hirarmu ba ke nan?

Zango_Kumasi:
A'a ƙanena, zai ji sarai. Duk wanda bai saka amo a wajen karɓa ba komai yana shiga kunnensa. Amon yana zaɓar wanda kai za ka ji ne, ba wanda zai ji ka ba. Kuma dama dokar rediyon sha'awa ba ta yarda a ɓoye ma'anar magana ba. In oba-oba UV-5R gare ka, menu 13 ne amon da kake aikawa, menu 11 na karɓa. Na 13 shi ne zai buɗe maka rifita, 11 ka bar shi a kashe tukuna.

Dan_SabonGari:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai an jira fanel daga Kalifoniya? LM567, 'yar IC mai gane amo, tana nan a kasuwar Sabon Gari, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Rizista ɗaya da kafasita ɗaya ke saita mata amo, ƙafa ta 8 ta sauka ƙasa in ta ji shi. Na haɗa ta a kan tebur ta yi aiki. Ya kamata mu riƙa yin abinmu da kanmu.

Injiniya_Tudu:
Dan_SabonGari, zuciyarka ta yi daidai, kuma da irin wannan gwaji aka koyi sana'ar. Amma tebur daban, ɗakin kwano a kan dutse a watan Afrilu daban. Tazarar amo da maƙwabcinsa ƙarama ce, dubi 100.0 da 103.5, kashi 3.5 cikin 100 ke nan. Rizista da kafasita suna motsawa da zafi. Ka saita da sanyin safiya, da azahar ta gusa. In ka buɗe mata kunne don kada ta ɓace, sai ta karɓi amon maƙwabta da muryar mai kauri. In ka matse, sai ta yi nawar kamawa. Fanel irin na Mai_Eriya daga kiristal yake lissafa amonsa, shi ya sa makunnai 6 kawai gare shi, suna ba da zaɓi 64, ba abin murɗawa. In kana son na gida, ka ɗauki Arduino mai kiristal ka rubuta masa lissafin Goertzel na gano amo, wannan kam ina bayanka.

Bakano_a_Ingila:
Assalamu alaikum. Ga yadda ake yi a nan, ko zai yi amfani. An raba ƙasar yanki-yanki, kowane yanki da harafinsa da amonsa: A 67.0, B 71.9, C 77.0, D 82.5, E 88.5, F 94.8, G 103.5, H 110.9, J 118.8. Rifita da yawa in ta faɗi sunanta da haruffan Mos (Morse) sai ta biyo da harafin, baƙo ya san abin da zai saka. Ku lura babu 100.0 a jerin, nan ma 50 Hz ce. Game da damuwar Baba kuwa, shekara da shekaru da 1750 ake buɗe rifita a Turai, kuma da CTCSS ya shigo an daɗe ana karɓar duka biyu. Wanda ya busa 1750 sai ta buɗe masa, ta ci gaba da aiki da sigina zalla har hira ta ƙare. Hayaniyar inbata ba ta iya busa 1750.

Baba_Mos:
Allah ya yi maka albarka Bakano. Wannan ita ce maganar da nake son ji.

Tunda an taɓo tarihi, bari in gaya wa yara. Wannan fasaha ta CTCSS ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1950 Motorola ke sayar da ita da sunan PL, GE kuma suna ce mata Channel Guard. A da ba IC a ciki. Wani ɗan siririn ƙarfe ne a cikin gwangwani da ake cusawa a soket, yana kaɗawa in ya ji amonsa, in kana son sauya amo sai ka sayi wani gwangwanin. Matsalarsa ko an saki PTT, maɓallin da ake dannawa a yi magana, yakan ci gaba da kaɗawa na ɗan lokaci, lasifika a buɗe, sai ka ji fasss a kunne. Sai suka yi dabara: kafin tiransimita ta mutu, ta juya fuskar amon na abin da bai kai rubu'in daƙiƙa ba, ƙarfen ya tsaya cak, lasifika ta rufe shiru. Fanel ɗin Mai_Eriya ma yana yin wannan in aka bi da layin PTT ta cikinsa.

Injiniya_Tudu:
Baba ya tuna mini abin da ya kamata a faɗa wa Mai_Eriya kafin ya kunna dalma. Kada ka cire siginar COS, wadda ke nuna risiba ta ji sigina, ka maye gurbinta da ta fanel. Haɗa su za ka yi, rifita ta buɗe sai in duka biyun sun yarda. Fanel yana da nawar saki, kuma ba kowace oba-oba ke juya amo yadda Baba ya bayyana ba, to in shi kaɗai ke riƙe da ƙofa kowace magana da wutsiyar hayaniya za ta ƙare. COS yana saki nan take. A MASTR II sunansa CAS. Ka auna da mita ka ga kowanne sama yake zuwa ko ƙasa in an samu sigina, don ba lallai su zo iri ɗaya ba, wani lokaci sai an juya ɗaya da tiransisto, kuma ƙafar da ba ta ba da wuta da kanta tana son rizista 10k zuwa layin wuta. Sannan sautin da za a maimaita ya bi ta matatar da ke kan fanel, ta cire amon mai kira. In ba haka ba amonsa da naku za su haɗu a iska, a riƙa jin wuu-wuu.

Mai_Eriya:
Ga rahoto. Na saka fanel ɗin yadda Injiniya ya tsara, amo 82.5 shiga da fita. Alhamdu lillahi, ta daina buɗe kanta, batir yana kwana da ƙarfinsa. Amma akwai abu biyu. Na ɗaya, farkon magana yana yankewa, mutum ya ce assalamu alaikum sai a ji lamu alaikum. Na biyu, wani lokaci in mutum ya gama magana ya saki, ba ta sauka. 'Yar fitilar da na sa a ƙafar fanel tana nan a kunne kamar ana aiko da amo, ga kiɗan nan a ƙasa, alhali ba kowa.

DanDamagaram:
Na ɗaya ba ciwo ba ne. Fanel sai ya ƙirga kaɗawar amon kafin ya yarda, wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma ƙananan amo sun fi nawa. In mai sauraro ma ya sa amo a tasa rediyon, jira ya zama biyu. A koya wa mutane: danna, ja numfashi, sannan ka yi sallama.

Yar_Lantarki:
Na biyun kuwa shi ne abin da na faɗa. Wa ke aiko da 82.5 ɗin da fanel ke ji? Ku ne. Tiransimitarku tana fitar da shi a 145.700, cakuɗewar tana dawo da siginar taku 145.100 ɗauke da amon, fanel ya ji amon da yake jira ya riƙe ƙofa. Gwajin mai sauƙi ne: zare wayar CG HI kawai, ka bar sauran. In ta koma sauka daidai, ka samu amsa.

Ka ƙara da wannan gwajin. Ka sa wani ya kira daga nesa da ƙaramin ƙarfi, yadda muryarsa ke da ɗan yashi-yashi. Kai kana ɗakin kana sauraro a lasifikar risiba, ka riƙa kunna tiransimita kana kashewa. In yashin yana ƙaruwa duk sanda ta kunnu, to ko dufleksa, wato gwangwanayen da ke raba karɓa da watsawa a eriya ɗaya, tana son saiti, ko tsatsar nan ce. Tazarar 600 kHz matsattsiya ce, gwangwanayen suna bukatar raba ɓangarorin biyu da abin da ya kai 80 dB ko fiye.

Raspi_Zariya:
Da kun sa manhajar rifita SvxLink a kan 'yar kwamfuta Raspberry Pi da duk wannan jan wayar bai taso ba. Manhajar tana gane CTCSS da kanta, tana gane 1750 da DTMF, wato sautin maɓallan lamba, amon shiga daban na fita daban, duk a fayil ɗaya ake rubutawa. Matsalar Baba ma ta warware a layi biyu.

Injiniya_Tudu:
Haka ne, amma ita ma ɗanyen sautin nan za ka ba ta, kuma ba ta kankare tsatsa. Ga cin wuta dare da rana a kan sola, ga katin ajiya da ba ya son yankewar wuta ba zato. Wurin da sai an hau dutse kafin a kai gare shi, ni na fi son abin da ba ya bukatar a tashe shi.

Mai_Eriya, nawa ka sa ƙarfin amon fita? A tsarin 5 kHz irin naku tsakanin 500 da 750 Hz ake so, a rage murya kaɗan don jimillar kada ta wuce 5. In babu na'urar awo, ka sa sikof a diskiriminaton wata risiba, wato inda ɗanyen sauti ke fita, ka aika amon 82.5 da rediyon kamfani mai lafiya ka ga tsayinsa, sannan ka daidaita na rifita da shi. Da kunne ba a saita shi. In kana jinsa a ƙaramar lasifikar oba-oba, ya yi yawa.

Mai_Eriya:
Na zare CG HI kamar yadda Malama Yar_Lantarki ta ce. Tana sauka yanzu, ba ta riƙewa. Gwajin nesa kuma yashin yana ƙaruwa in tiransimita ta kunnu, amma ba kullum ba, yana zuwa yana tafiya, ya fi yawa in ana iska. Injiniya, ban kai ga awon ba tunda na cire amon fitar.

Zango_Kumasi:
To ku bar ta haka mana, amo a shiga kawai. Rifita da yawa haka suke.

Bakano_a_Ingila:
Ni ban goyi bayan a bar fita babu amo ba. Mai oba-oba a cikin kasuwa ko kusa da inbata, shi ma rediyonsa buɗe kanta take, amon fita ne ke ba shi damar yin shiru sai rifita ta yi magana. A sa amo daban a fita, misali 110.9, ko da za a ƙara ƙaramin fanel mai aikawa kawai. Sai dai kowa ya koyi saka amo biyu mabambanta a rediyonsa, kuma wasu tsofaffin ba sa iyawa.

DanDamagaram:
Kowanne kuka zaɓa ban da 88.5. Rediyoyin Japan da yawa da shi suke fitowa daga masana'anta, duk wanda ya sayi rediyo ba lasisi ya kunna amo bai san me yake yi ba, a kansa zai faɗo.

Baba_Mos:
Ina nan ina sauraronku a 145.700, muryoyinku tas, amma ban iya shiga. Na ji an ce akwai ƙaramin fanel SS-64 mai aikawa kawai da ake cusawa a tsohuwar rediyo. Idona bai kai ga wannan dalmar ba yanzu. Ni dai maganar Bakano ta 1750 nake jira a ce an karɓa, ko a sa lambar DTMF da za ta cire amon lokacin zaman mako da lokacin larura.

Dan_SabonGari:
Baba, 1750 kam LM567 za ta iya, don babu wani amo kusa da shi da za ta ruɗe da shi, ko ta ɗan gusa ba komai. Injiniya, ko ba haka ba? In Mai_Eriya ya yarda ni zan haɗa, in aiko masa.

Injiniya_Tudu:
A nan kam na yarda, da sharaɗin ka sa mata jinkiri na wajen rabin daƙiƙa don murya ko fito kada su buɗe ta, kuma kafasitar saitin ta zama ta fim, ba 'yar ƙasar nan mai kama da ƙwayar magani ba. Sai dai ku sani, muddin aka buɗe da 1750 ta koma aiki da sigina zalla, riƙewar nan za ta dawo, tunda sigina ce ke dawowa ko babu amo.

Yar_Lantarki:
Shi ya sa nake cewa a hau turken. Malam Mai_Eriya, zuwa da tafiyar da ka ce yana yi da iska alama ce ta abin da ke motsi, dufleksa ba ta jin iska. Ranar da za ku hau, a kashe tiransimita kafin kowa ya kusanci eriya, a sa bel. Daga ƙasa kuma, tana kunne ana wancan kira na nesa, wani ya riƙa bubbuga wayoyin ɗaurin da kwanon rufin da busasshen katako ɗaya bayan ɗaya, kai kana sauraro a ɗaki. Ka turo mana jerin tashoshin FM na garinku da lambobinsu, mu duba waɗanda ke da tazarar 600 kHz.